Jarka Nawa?

A shagon ɗinkina na Gangare
akwai kalandar da shekararta ta wuce tun tuni.
Hoton ne ya hana ni cire ta:
wani tsibiri can tsakiyar teku,
itatuwan kwakwa sun sunkuya kamar masu gaisuwa,
ruwa na zubowa daga kan dutse, fari fat,
ƙasansa sunan wani kamfanin siminti.

Gwaggo Tabawa ce ta gaji da ni.
Ta ce, "Cindo, allura a hannu, ido a bango.
In ruwa kake son gani yana faɗowa,
ba sai ka hau jirgi ba.
Kai ni Assop kafin gwiwar nan ta ƙi ni gaba ɗaya."

Ran Asabar muka kama hanya a motar Dalyop,
tsohuwar Fijo mai tari a kowane hawa.
Muka bar Bukur, muka bar Riyom
da duwatsunta da aka ɗora kan juna
kamar mai ajiyar zai dawo anjima.
A gangaren Hawan Kibo
Dalyop na taka birki yana addu'arsa,
Gwaggo na jan carbi tana tata,
ni ina tsakiya, ina amin ga duka biyun.

Kunne ya riga ido isa.
Wani gunji, ba na inji ba, ba na hadari ba,
yana tasowa ta tafin ƙafa.
Sai ga shi.

Babu kwakwa, babu teku.
Ruwan ma ba fari ba ne,
launin shayin da aka cika wa madara,
don damina ta kwaso jar ƙasar gonaki.
Amma kalanda ba ta taɓa jiƙa min fuska ba,
ba ta taɓa sa na ɗaga murya
don wanda ke kusa da ni ya ji ni ba.

Gwaggo ta tuɓe takalmi, ta zauna kan dutse,
ta daɗe ba ta ce uffan ba.
Na zaci tasbihi take.
Sai ta jawo hannun rigata:
"Jarka nawa kake jin ta zube tun zuwanmu?"

Shekara talatin tana sayen ruwa.
Ta san kuɗinsa da rani, ta san na damina,
ta san ƙarar kurar mai ruwa tun daga kwanar masallaci.
Ruwan da ta wanke shinkafa
shi ke wanke kwano,
shi ke kwantar da ƙurar tsakar gida,
ragowar ta barkonon bayan ɗaki ce.
Ga shi nan yau yana kwarara,
ba layi, ba bokiti,
ba mai cewa ni na riga ki.

Na ce, "Gwaggo, wannan ai ba ya ƙirguwa."
Ta ce, "Komai na ƙirguwa, ɗan nan,
sai in ba kai ke biya ba."

Sannan ta miƙe, gwiwar ta yi ƙara,
ta shiga har idon sawu,
ta kamfata da hannu biyu ta watsa a fuska,
ta sake, ta sake,
yana tsiyaya ta gwiwar hannu, yana jiƙa zani,
ba ta tare ko ɗigo ba.
Dariyar da ta yi
ban san tana da irinta a ajiye ba.

Da za mu tafi ta cika gora guda.

Yau sati uku gorar na kan tagarta.
Lakar ta kwanta, ruwan ya yi garau.
An ɗauke famfo tun shekaranjiya,
mai kura ya ƙara naira hamsin,
na ce ko a dafa shayi da shi?
Ta harare ni.

Kalanda kuwa na sauke ta,
na yanki samfurin wuyan riga a bayanta.
Ƙusar tana nan, na rataye tef.